Abubuwan da ya kamata ka sani game da sojojin Norwe masu yaƙi a kan katakon zamiya

Daga shekarar 1747 zuwa 1826 ƙasar Norwe, can arewacin Turai, ta riƙe wata runduna wadda ba ta hawan doki, ba ta kuma taka ƙasa kamar sauran dakaru. Kowane soja a cikinta katako biyu yake ɗaurawa a ƙafa, ya riƙe doguwar sanda guda, ya rataya bindiga a baya, ya bi ta kan dusar ƙanƙara yana zamiya cikin dazukan da babu hanya. Katakon nan shi ne duniya ta sani da suna ski. Rundunar ba ta da yawa, domin da aka kafa ta mutum 600 ne ko kusa da haka, amma sunan da ta bari ya fi ƙarfin adadinta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da mutanen nan shi ne gwamnati ba ita ta koya musu babbar sana'ar ba. Da ita ta same su. 'Ya'yan manoma ne da mafarauta na bakin iyaka, waɗanda tun suna ƙanana suke ɗaura katako su je ɗebo itace ko duba tarko. Duk abin da ya yi musu rana a fagen fama daga gona da dawa ya fito. Abin da fadar sarki ta ƙara musu kuwa, wato kaki da fareti da littafin umarni, wani ya dace da aikin, wani bai dace ba.

Me ya sa ƙasa za ta buƙaci irin waɗannan sojoji?

Norwe doguwar ƙasa ce siririya, kuma iyakarta da Suwidin ta haura kilomita 1,600, mafi yawanta dazuka ne da tsaunuka. A cikin ƙasa, nesa da teku, dusar ƙanƙara takan kwanta tun watan Nuwamba, wani wuri ba za ta narke ba sai Afrilu ko Mayu. Idan ta yi kauri, mai tafiya da takalmi nutsewa yake yi zuwa gwiwa, wani lokaci har ƙugu. Kafin ya yi tafiyar kilomita guda ya jiƙe da gumi, ƙarfinsa ya ƙare. Doki ma haka yake fama, balle igwa da keken kaya. Saboda haka duk rundunar da ta shigo a lokacin hunturu dole ta bi hanya guda da aka tattake, ta miƙe siririya, gabanta bai san halin da bayanta yake ciki ba.

Katakon zamiya shi ke warware wannan ƙulli. Yana baza nauyin mutum a kan fili mai tsawo, sai ya tsaya a saman dusar maimakon ya nutse. Wanda ke kansa ba ruwansa da hanya. Tabkin da ya daskare, fadamar da ba ta takuwa da damina, tsakanin itatuwa, duk hanya ce a wurinsa.

Ga kuma siyasa. Har zuwa 1814 Norwe tana ƙarƙashin sarkin Danmak ne, wanda ke zaune a Kopenhagen, kuma tsakanin Danmak da Suwidin akwai tsohuwar gaba. Duk lokacin da sarakunan biyu suka ɓata, ƙauyukan bakin iyakar Norwe ne ke fara jin ƙarar bindiga.

Tun yaushe ake yaƙi a kan katako?

Tsofaffin littattafan tarihin sarakunan ƙasar sun ambaci abin. A shekarar 1200 sarki Sverre ya tura masu katako su leƙo masa abokan gaba a wajen Oslo. A 1206, lokacin yaƙin basasa, mayaƙa biyu, Torstein Skevla da Skjervald Skrukka, suka ɗauki wani jariri ɗan sarki suka haye tsauni da shi cikin guguwar dusa don kada maƙiya su kama shi. Jaririn shi ne ya zama sarki Håkon Håkonsson. Tun 1932 ake yin tseren tunawa da wannan tafiya, kilomita 54 tsakanin Rena da Lillehammer, kuma kowane ɗan tsere sai ya goya jaka mai nauyin kilo 3.5 a madadin jaririn.

Amma waɗannan ɗaiɗaikun mutane ne, ba runduna ba. Abin da ya buɗe idon hukuma shi ne yaƙin da sarkin Suwidin, Karl na 12, ya kawo Norwe a 1716, ya kuma sake dawowa a 1718. A zuwa na biyu ya kasa rundunarsa gida biyu. Shi da kansa ya kewaye ganuwar Fredriksten a kudu, ya tura Janar Carl Gustaf Armfeldt da mutum wajen 10,000 su ci birnin Trondheim a arewa. Trondheim ta ƙi ciwuwa. Rundunar Armfeldt ta yi watanni tana gararamba a yankin, abinci ya yi ƙaranci, tufafi suka yage, cuta ta shiga, ƙananan ƙungiyoyin 'yan Norwe kuma suna ta tsinke mata hanyar kawo guzuri. A ƙarshen shekarar harsashi ya sami sarki Karl a ka a Fredriksten, ya mutu nan take. Da labari ya isa arewa, Armfeldt ya yanke shawarar komawa gida ta hanya mafi kusa, wato ya haye tsaunukan Tydal da mutum kusan 6,000 da suka rage masa.

A farkon Janairun 1719 suka hau. Tazarar da ke tsakaninsu da ƙauyen farko na Suwidin ba ta kai kilomita 60 ba, tafiyar kwana biyu idan gari ya yi kyau. Gari bai yi kyau ba. Guguwar dusa ta taso musu a fili fetal, babu itace babu mafaka, mutum ba ya ganin na gabansa. Suka ƙona gindin bindigoginsu da katakon jan kaya don su ji ɗumi. Mutum wajen 3,000 suka daskare a kan tsaunin, wasu ɗaruruwa suka mutu bayan sun sauka, wasu suka rasa yatsu da ƙafafu. Bayan 'yan kwanaki wani hafsan Norwe, Jens Henrik Emahusen, ya bi sawunsu da mutanensa a kan katako, ya tarar da gawarwaki da mushen dawaki da makamai a warwatse tsawon hanya. Tsaunin da ya cinye rabin runduna, su sun hau sun sauko lafiya. Bayan wannan babu wani hafsa a ƙasar da yake buƙatar a yi masa dogon bayani.

Su wane ne aka ɗauka?

A 1747 aka kafa kamfanoni shida na dindindin, kowanne da mutum kamar 100. Uku a kudu, daga yankunan Hof da Elverum da Åmot, uku a arewa, daga Holtålen da Meråker da Snåsa. Duba taswira za ka ga dukkansu a jere suke a bakin iyakar Suwidin, kuma dukkansu wurare ne da katako ya zama ƙafar mutane da hunturu.

Ba sojojin bariki ba ne. Tsarin da ake bi a ƙasar tun ƙarni na 17 shi ne a haɗa gonaki kaɗan a ce su fitar da saurayi guda su kuma taimaka da ɗawainiyarsa. Saurayin yana zaune a gida yana aikin gona, ranar Lahadi bayan an tashi daga coci a tara su a filin da ke gabanta a yi atisaye. Lokaci-lokaci a kira su babban taro na kwanaki. Idan yaƙi ya tashi, a ba su albarushi su fita.

Manyan hafsoshi da yawa Jamusawa ne ko masu ilimin soja na Jamus, kuma har farkon shekarun 1770 da Jamusanci ake ba da umarni. Shi ya sa da Emahusen ya zauna a 1733 ya rubuta ƙa'idojin atisayen sojan katako, waɗanda ake lissafa su a matsayin rubutacciyar koyarwar zamiya ta farko da aka sani, da Jamusanci ya rubuta. Manomin Elverum da ya fi kowa iya abin ba zai iya karanta littafin da ke bayanin ƙafarsa ba.

Me ya sa katakon ƙafar hagu ya fi na dama tsawo?

Nan ne wanda ya saba ganin 'yan wasan zamiya a talabijin zai yi mamaki. Na yau katakonsu biyu tsawonsu ɗaya, sandunansu biyu. Na sojojin nan ba haka ba ne. A ƙafar hagu akwai dogo siriri, mai tsawon mita biyu da rabi zuwa uku. A ƙafar dama akwai gajere mai ɗan faɗi, wanda suke kira andor.

Aikinsu ne ya bambanta. Dogon shi ne na zamiya. Ana sassaƙa shi da itace mai tauri, kuma masassaƙan sun fi son ɓangaren wani dogon itace mai ganye kamar allura wanda ya girma a karkace, domin gefen da ya sha nauyi yakan yi tsauri, ga danƙo a jikinsa, ba ya saurin cinyewa. A ƙarƙashinsa ana fafe siririn kwari tun daga kai har gindi, shi ke hana katakon kaucewa gefe, ya sa ya miƙe ɗoɗar. Bakinsa kuma a lanƙwashe yake sama don kada ya soki dusa.

Gajeren shi ne na tunkuɗa. Ana lulluɓe ƙarƙashinsa da fata mai gashi, ko ta ƙafar elg, wata ƙatuwar dabbar dawa dangin barewa, ko ta wata dabbar teku mai gajeren gashi mai sheƙi. Sirrin yana ga yadda aka kwantar da gashin. Shafa bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya, hannunka zai wuce sumul. Mayar da shi daga wutsiya zuwa wuya, gashin zai miƙe ya tare ka. Haka ake ɗinka fatar, gashin ya kalli baya. Idan katakon ya yi gaba sai ya zame, idan ya nemi komawa baya sai gashin ya tashi ya kama dusar.

To ga yadda tafiyar take. Soja ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama, ya danna gajeren ya kama, ya tunkuɗa, ya mayar da dukkan nauyinsa kan dogon na hagu ya zame mita da dama, sannan ya jawo ta dama ya sake. Tafiya ce mai ɗan ɗingishi, ƙafa ɗaya tana aiki, ɗaya tana hawa. A ido ba ta da kyan gani kamar ta 'yan tseren yau, amma a ganina babu dabarar da ta fi ta dacewa da wurin. A cikin daji mai hawa da sauka, mutum ɗauke da kaya yana buƙatar abu biyu da ba sa haɗuwa a katako guda: santsi don sauri, da kamu don hawa. Masu wasan zamani da man shafawa iri-iri suke sasanta wannan. Manoman can, da ba su da irinsa, sai suka raba aikin tsakanin ƙafafu biyu. Kuma mafarauta ne suka gwada dabarar kafin soja. Idan hunturu ya zo ƙarshe, rana ta narkar da saman dusa da yini, sanyin dare ya daskarar da shi ya yi ɓawo. Elg mai nauyi sai ta dinga fasa ɓawon tana nutsewa, mafarauci kuwa yana bisa yana zamiya har ya cim mata. Abin da ake yi wa dabba shi aka koma yi wa sojan da ya bar hanya.

Maɗaurin ƙafa shi ne raunin kayan. Zobe ne na murɗaɗɗen reshe ko na fata da ake zura kan takalmi a ciki, wani lokaci da igiyar fata da ke zagaye dunduniya sako-sako. Yana da sauƙin gyara a daji, da wuƙa da ɗanyen reshe an gama. Sai dai ba ya riƙe ƙafa gam, don haka mutum ba ya iya murɗa katakon yadda ya ga dama idan gudu ya yi gudu.

Sanda guda, aiki da yawa

Tunda maɗauri ba ya ba da iko sosai, sanda ce ke cike giɓin. Doguwa ce, kusan tsayin mutum, mai kauri, ana riƙe ta da hannu biyu. A fili ana tunkuɗa da ita. A gangara ana jan ta a gefe ana danna gindinta cikin dusa, ita ce birki, ita ce sitiyari. Idan gangaren ya yi tsanani mutum ya sa ta tsakanin ƙafafunsa ya zauna a kai, gindinta yana kartar dusa a baya. Da ita ake gwada ƙarfin ƙanƙarar tabki kafin a taka, da ita ake kakkaɓe dusar da ta manne, kuma a kanta ake iya ɗora bakin bindiga a yi saiti. Sanduna biyu ba su zama ruwan dare ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

Hawan tudu mai tsayi a kaikaice ake yi, a yi dama a juyo hagu, ko mutum ya ba tudun gefe ya dinga taka shi ɗaya bayan ɗaya. Juyawa baya a tsaye, wadda sojan ƙasa yake yi da murza dunduniya kawai, a nan sai an koya: a ɗaga ƙafa ɗaya da katakonta a juya ta ta kalli baya, sannan a kawo ɗayar. Ka tuna ɗayan katakon mita uku ne, kuma akwai mutum a hagunka da damanka. Littattafan atisaye sun ɓata tawada mai yawa a kan yadda za a jera mutane sahu-sahu su juya tare, domin haka hafsoshin zamanin suka san soja. Amma ba a sahu amfanin mutanen nan yake ba. Amfaninsu yana ga tafiya a warwatse: leƙen asiri, sintirin iyaka, kai saƙo tsakanin rundunoni, faɗa wa masu gadi da dare, da tsinke ayarin abinci. Guzurinsu a kan ƙaramin katakon ja suke ɗorawa su ja da kansu.

Wane irin kaki suke sawa?

Mutane da yawa in an ce sojan dusa, farin kaya suke hangowa daga kai har ƙafa. Wannan hoton yaƙe-yaƙen ƙarni na 20 ne, musamman na 'yan Finlan da Tarayyar Sobiyet a hunturun 1939 zuwa 1940. Kakin sojan katako na Norwe mai launi ne. A zamaninsu ba a ɗinka kaki don ɓuya, ana ɗinka shi ne don a san na wane sarki ne kai, kuma hafsa ya gane mutanensa cikin hayaƙin albarushi. Dakarun ƙasa na sarkin Danmak jar riga aka san su da ita. Launin na masu katako ya sauya fiye da sau ɗaya a cikin shekarunsu kusan 80, kuma a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon an mayar da su sahun ƙananan dakaru masu harbi daga ɓoye, waɗanda kakinsu kore ne mai duhu. Kore a cikin dajin da itatuwansa ba sa kaɗe ganye ya fi ja hankali nesa ba kusa ba, ko da yake a fili fari fat duk ɗaya ne, daga nesa za a hango ka.

Inda aikin ya tilasta wa tela sassauci shi ne a yanka. Riga gajeriya ce, domin mai dogon bindi sai ta dinga kama ƙafa tana kwasar dusa. Maimakon faffaɗar malfa ta sojan fili, wadda reshe zai fizge ko iska ta ɗauke, hula ce mai kama kai. A ƙwauri akwai abin naɗi da ke rufe bakin takalmi, don in dusa ta shiga ta narke, yatsu sun shiga uku. Komai na ulu ne, kuma da dalili: ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Babban maƙiyin mai zamiya ba sanyin tafiya ba ne, sanyin tsayuwa ne. Ya yi gudu ya yi gumi, sai a ce ya kwanta kwanton ɓauna awa biyu, gumin ya huce a jikinsa.

Abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ke jikin soja daban. A 1807 Ingila ta yi wa Kopenhagen ruwan wuta ta kwashe jiragen ruwan yaƙin Danmak, sannan ta toshe teku. Norwe, wadda hatsinta da kayan sojanta da yawa ta teku suke zuwa, ta shiga ƙunci, har talakawa suna haɗa garin ɓawon itace a burodi. Sojojin da suka fita yaƙi da Suwidin a 1808 da yawa tsofaffin kaki ne a jikinsu, wasu kuma saƙar gida ce ta ulu mai ruwan toka, da safa da safar hannu da iyayensu mata suka saƙa. Cutar da ta bi sansanoni a wannan yaƙi ta kashe mutane fiye da harsashi.

Bindigarsu fa?

Mai dutsen ƙyastu ce, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki a danna da siririn ƙarfe. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san danginta, domin ita ce kakar bindigar tokar mafarautanmu. Dangantakar ma ta wuce kama: masarautar Danmak ɗin nan ita ke riƙe da ganuwar Christiansborg a Akra har 1850, kuma 'yan kasuwarta sun shigo da irin waɗannan bindigogi Afirka ta Yamma suna musayarsu da zinariya da bayi.

A cikin dusa bindigar tana da wuyar sha'ani. Albarushi ba ya son laima ko kaɗan, kuma faɗuwa guda ta isa ta cusa dusa a bakin bindiga. Ɗuri yana buƙatar yatsu masu motsi, sai an cire safar hannu. Saboda haka mai katako ba ya dogara da yawan harbi. Ya matso shiru, ya harba, ya ɓace kafin a juyo.

Gasar 1767

Janar Schack Carl Rantzau, wanda ya shugabanci sojan Norwe a lokacin, ya sa kyautar kuɗi. A 1767 aka tsara gasa kashi huɗu: harbin abin saiti mutum yana cikin gangarowa da gudu; gangarowa tsakanin itatuwa ba tare da faɗuwa ko karya katako ba; sauko da tudu mai tsanani ba tare da hawa sanda ko jingina da ita ba; da tseren fili da cikakken kaya, bindiga a kafaɗa. Wanda ya san wasannin hunturu na yau zai gane 'ya'yansu a nan. Sharaɗi na uku ya fi burge ni, domin ya nuna tun a lokacin gwanaye suna ganin zama a kan sanda aikin ɗan koyo ne, gwani da ƙafarsa yake sarrafa katako.

Tsalle ma a cikin soja aka fara auna shi. A 1808, a Eidsberg, wani matashin hafsa mai suna Olaf Rye ya yi tsallen mita 9.5 a gaban sojoji, kuma shi ne tsallen katako na farko da aka rubuta tsawonsa. Rye ya zama janar a sojan Danmak daga baya, ya mutu a yaƙin Fredericia a 1849.

Ranar da suka nuna kansu: Trangen, 1808

A watan Afrilun 1808 Suwidin ta kutsa kudancin Norwe ta wurare da dama. Kanar Carl Pontus Gahn ya shigo da mutum wajen 500 ta kwarin kogin Flisa. Ko da yake bazara ta kusa, dusa tana nan jibge a daji, ta fara ruɓewa, ba ta ɗaukar mai takalmi. Mutanen Gahn ba su da zaɓi sai bin hanya.

Ranar 25 ga wata suka iso Trangen, wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu, suka tarar an sassare itatuwa an toshe shi, da 'yan Norwe a baya. Suna cikin fama da wannan sai Kanar Bernhard Ditlef von Staffeldt ya ɓullo musu ta baya da babbar rundunarsa. Gahn ya juya don ya fasa ya koma inda ya fito, aka yi ɗauki-ba-daɗi a kan siririyar hanya. A nan ne Kyaftin Nicolay Peter Drejer ya hau kan kututturen itace yana harbi, mutanensa suna miƙo masa bindigogi ɗurarru, har harsasai suka kayar da shi, ya mutu bayan 'yan kwanaki. Shi ne wani mai zane ya zana. Amma abin da ya rufe tarkon shi ne masu katako da maharba da suka bi ta cikin daji suka hau gefen 'yan Suwidin, inda su ba sa iya taka ƙafa su kore su. Gaba a toshe, baya a toshe, gefe ana zuba musu wuta, albarushi ya ƙare. Gahn ya miƙa wuya, aka kama mutum fiye da 400.

A ma'aunin yaƙe-yaƙen Napoleon, inda ake rasa dubbai a yini guda, wannan ƙaramin artabu ne. Bai kamata a kumbura shi ba, kuma masu katako ba su kaɗai suka ci shi ba. Sai dai ya nuna ainihin abin da aka kafa su dominsa: su kasance a inda abokin gaba ya tabbata babu mai iya zuwa.

Me ya kawo ƙarshensu?

Zaman lafiya da talauci. A 1814 aka raba Norwe da Danmak, ta rubuta tsarin mulkinta ranar 17 ga Mayu, ta ƙare shekarar a cikin tarayya da Suwidin ƙarƙashin sarki guda. Iyakar da aka kafa su don tsaronta ta zama iyakar 'yan gida ɗaya, baitulmali kuma babu kuɗi. A 1826 aka rushe kamfanonin.

Sana'ar ta koma inda ta fito, hannun farar hula, amma da ɗanɗanon gasa da soja ya saka mata. A 1843 aka yi tseren da aka sanar a jarida a Tromsø. A 1861 aka kafa ƙungiyar harbi da zamiya a Trysil, wani gari na bakin iyaka, da nufin shirya samari don kare ƙasa. A 1868 Sondre Norheim, ɗan talakawa daga Morgedal a yankin Telemark, ya zo babban birni ya ba mutane mamaki da katako biyu masu tsawo ɗaya da maɗauri mai kama dunduniya gam, wanda ke ba shi ikon lanƙwasa gudu yadda yake so. Salon Telemark ya ci kasuwa, dogo da gajere suka ja baya zuwa ƙauyukan daji, inda suka daɗe har farkon ƙarni na 20. Sintirin soja a kan katako ya shiga wasannin Olamfik na hunturu na farko a Chamonix a 1924, tseren zamiya da harbi kuma ya shiga a 1960.

Yaƙi bai gama da katako ba. A daren 27 ga Fabrairun 1943, lokacin mamayar Jamus, wasu 'yan Norwe ƙarƙashin Joachim Rønneberg suka shiga masana'antar Vemork suka fasa na'urorin da ke samar da wani ruwa na musamman da Jamus ke buƙata a binciken nukiliya, ba tare da sun harba harsashi ko ɗaya ba. Farin kaya suka ɗora a kan kakin sojan Birtaniya, kuma biyar daga cikinsu suka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan katako har Suwidin.

Yau iyakar da Norwe ke sa wa ido ita ce ta Rasha, kusan kilomita 200 a can ƙuryar arewa, kuma matasa masu aikin soja na wajibi ne ke sintiri a kanta. Suna da babura masu tafiya a kan dusa, amma babur yana da ƙara, yana shan mai, yana kuma mutuwa a sanyi. Shi ya sa har yanzu ake koya musu tafiya a kan katako da kaya a baya.